Dodon Alien ko na The Thing: wanne ne zai iya rayuwa da gaske?

Malam Nasiru: Ni dai ina nan a kan bakana. A duk dodannin sararin samaniya na finafinan ban tsoro, na Alien ne kaɗai aka gina a kan ilimin halitta. Matakansa huɗu: ƙwai, mai kama fuskar mutum ya dasa ɗa a cikinsa, jaririn da ke fasa ƙirji, sai babba. Akwai dangin rina da ke saka ƙwai a jikin tsutsa mai rai, ɗan ya yi ta cin ta daga ciki. A fim ɗin Alien na biyu, na 1986, ana manna mutane a bango da ransu, kamar yadda zanzaro ke shanye jikin gizo-gizo ya ajiye shi a ɗakin laka ba tare da ya kashe shi ba, don kada naman ya ruɓe kafin ɗansa ya ƙyanƙyashe. Na The Thing kuwa, wanda ke cinye halitta ya kwaikwayi siffarta, siddabaru ne kawai.

Dakta Hauwa: Malam, ka tsallake inda gizo ke saƙa. A fim na farko, na 1979, abin da ya fito daga ƙirji bai wuce tsawon hannu ba, cikin sa'o'i ya haura mita 2. Daga ina naman ya zo? Kazar gidan gona, wadda aka zaɓo musamman don saurin girma, sai ta yi kusan mako 6 kafin ta kai kilo 2, kuma abincin da ta ci ya fi nauyinta. Saɓa da aka nuna ya yi ba ta ƙara nauyi, wuri kawai take buɗewa. Ko da ya sami abincin, zafin da jiki zai fitar wajen gina nama da wannan sauri zai dafa shi.

Malam Nasiru: Girman na sallama. Jininsa na asid fa? Kariya ce mai ma'ana.

Dakta Hauwa: Da a jaka yake, da na yarda. Cikinmu na riƙe asid saboda yauƙin da ke lulluɓe bangonsa, amma jininmu yana tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'aunin pH, wato ma'aunin ƙarfin asid, in ya kauce kaɗan sai jinya. Akwai buzuzun da ke fesa ruwa mai zafin kusan digiri 100, shi ma sinadaransa yake ajiyewa daban-daban, sai lokacin fesawa suke haɗuwa. Ruwan da ke huda benen kumbo ba zai zagaya jiki yana kai abinci ga tsoka ba.

Injiniya Bashir: Ku dawo kan zamantakewa, nan ne nake ganin Malam Nasiru ya fi rauni. Ana cewa gidan dodannin Alien irin na gara ne, mai sarauniya. To a shurin gara akwai sarki tare da sarauniya, suna barbara shekara da shekaru. Ina namijin dodon Alien? Sannan sarauniyar zuma na iya saka ƙwai har 2,000 a rana domin ma'aikata na kawo abinci daga furannin da ba sa ƙarewa. Shi kuwa kowane ɗa guda sai ya cinye mai masauki guda. Da mutanen wurin sun ƙare, gidan ya tsaya cak.

Malam Nasiru: Shi ya sa ƙwansa ke jira, Injiniya. Waɗanda aka tarar a wani tsohon kumbo a fim na farko sun daɗe a kwance. Iri ma haka yake yi a ƙasa har ruwa ya sauka. Batun namiji kuma, akwai ƙwari da ƙadangarun da ke haihuwa babu barbara.

Malama Zainab: Ku bar ni in kare na The Thing, na 1982, don an raina shi. Ba shi da sarauniya, ba shi da ma'aikata, kowane ɓangare nasa rai ne mai zaman kansa. Gwajin jinin nan a kan haka ya dogara: a ɗumama wayar ƙarfe, a tsoma a jinin kowa, na dodon ya zabura ya gudu, ya tona asirin jikin da ya fito daga ciki. Wannan ba siddabaru ba ne, haka ciwon daji yake, ƙwayar halittar da ta daina yi wa jiki biyayya. Har akwai ciwon dajin da ke tsallakawa daga kare zuwa kare, ƙwayoyinsa na rayuwa a jikin da ba nasu ba.

Dakta Hauwa: Amma wannan hujjar taki ce ke rusa shi, 'yar'uwa. In kowace ƙwaya kanta ta sani, wa zai yarda ya zama fata ko farce, aikin da ƙarshensa mutuwa? Jiki ba ya tsayuwa sai wasu ƙwayoyi sun haƙura da haihuwa.

Malama Zainab: Ai shi ya sa yake wargajewa da zarar an matsa masa, kai ya tsiro ƙafafu ya kama gabansa. Abin da na kasa karewa shi ne kwaikwayon tunani. Kwafar ƙwayar halitta daban, kwafar abin da mutum ya sani daban, domin shi yana cikin yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa suka sarƙe ne, ba a cikin ɗigon jini ba.

Injiniya Bashir: To, Malam Nasiru, ka ji ta saki nata ɓangaren. Har yanzu ba ka faɗa mana yadda sarauniyar farko ke samuwa ba in ƙwai ɗaya tak ya ƙyanƙyashe. A wajen zuma mun sani: abinci na musamman ma'aikata ke ba tsutsar, ta fito a kwana 16. A nan wa ke ciyar da ita?