An ce ina da ciwon hanta nau'in C, alhali ba na jin ciwon komai

Bakatsine:
Assalamu alaikum. Makon jiya na je bayar da jini ga ƙanwata da za a yi wa tiyata, sai mai gwaji ya ce ba za su karɓa ba, domin an ga alamar ciwon hanta nau'in C a jinina. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idona bai yi ɗorawa ba, kuma ina cin abinci yadda na saba. Shin wannan ita ce shawara? Zan iya shafa wa iyalina, tun da a kwano ɗaya muke ci da yara? Kuma yana warkewa?

'Yar Zazzau:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba ku lafiya, kai da ƙanwar taka. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne ka kwantar da hankalinka, domin gwajin da ake yi wa masu bayar da jini yana nuna cewa ƙwayar cutar ta taɓa shiga jiki ne kawai, ba ya tabbatar da cewa tana nan har yanzu. Kusan mutum 30 cikin 100 jikinsu kan kawar da ita da kansa cikin wata 6, amma alamar takan zauna a jininsu. Saboda haka ka nemi gwaji na biyu, wanda ake kira PCR, mai neman ita kanta ƙwayar cutar a cikin jini, shi ne zai raba gardama.

Rashin jin ciwo kuwa ba hujja ba ce. Ƙwayar takan yi shekara 20 ko fiye tana cin hanta a ɓoye har ta taurare, sai ka ga ciki ya kumbura da ruwa, ƙafafu sun kumbura, wani ma abin ya kai shi ga ciwon daji. Shawara alama ce kawai, kuma da yawa ba sa yin ta, don haka kada ka ɓata lokaci wajen shan jiƙe-jiƙe, wasu ma ƙara wa hantar wahala suke yi.

Ɗan Damagaram:
Game da iyali, Malam, ta jini cutar ke bi. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko musabaha, ko shayarwa. Inda ya kamata ka sa ido shi ne reza, buroshin goge baki, askar wanzami da ta masu yankan farce, ƙaho, da allurar da aka yi wa wani aka sake amfani da ita. Ta hanyar kwanciyar aure ba kasafai ba ne, amma a gwada uwargida da yaran. Nau'in B ne ke da allurar rigakafi, shi C ba shi da ita.

'Yar Zazzau:
Gaskiya ne. Batun warkewa kuma, ƙwarai yana warkewa. Ƙwayoyin magani irin su sofosbuvir da daclatasvir, waɗanda ake sha kullum na mako 12, suna warkar da fiye da mutum 95 cikin 100. Ƙasar Masar, wadda yi wa mutane da yawa maganin tsargiya da allura ɗaya ya yaɗa cutar a cikinta shekarun baya, ta gwada mutane sama da miliyan 50 daga 2018, ta ba masu ita magani kyauta. A nan tsadar gwaji da magani ce ke damuna, amma ina roƙonka kada ka saya a kemis da kanka. Ka nemi likitan hanta a asibitin koyarwa, ya duba halin da hantar ke ciki, sannan a sake gwaji mako 12 bayan ka gama shan maganin.