Jijiyar kaiwa da jijiyar komowa: neman suna ga hanyoyin jini

1/ Jama'a, akwai kalmomin likitanci guda biyu da nake so mu tsayar musu da Hausa, wato artery, hanyar da ke fitar da jini daga zuciya, da vein, wadda ke maido da shi. Mu duk jijiya muke ce musu. Wadda ake soka wa allura a ɗebi jini jijiya ce, wadda ke bugawa a wuyan hannu jijiya ce, wadda ke kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa ita ma jijiya. A hira wannan ba ya hana fahimta. Amma malamin da ke gaban allo, ko ma'aikaciyar jinya da ke yi wa mara lafiya bayani, dole su bambance.

2/ Shawarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce a ce "jar jijiya" da "shuɗiyar jijiya", tunda haka ake zana su a littattafan kimiyya. Ban goyi bayan wannan ba ko kaɗan, kuma dalilina shi ne suna irin wannan zai dasa wa yara kuskure tun daga tushe.

3/ Jinin ɗan Adam ja ne, a ciki da waje, a kowace jijiya. Abin da ke ba shi launi shi ne himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mai ɗauke da ƙarfe, wanda ke riƙe iskar oksijin. Idan ya cika da oksijin daga huhu, jini ya yi ja zur. Idan ya sauke wani kaso a gaɓoɓi, sai jan ya yi duhu, ya doshi baƙi-baƙi. Kuma ba duka yake saukewa ba: jinin da ke komawa zuciya a jikin mutumin da ke hutawa yana riƙe da kusan kashi 75 cikin 100 na abin da zai iya ɗauka.

Akwai masu cewa ai shuɗi ne a ciki, iska ce ke mayar da shi ja da zarar ya fito. To a duba sirinji lokacin da ake ɗibar jini a lanƙwasar gwiwar hannu. An ɗaure dantse da roba, jijiya ta taso, allura ta shiga, jini ya hau cikin sirinji kai tsaye ba tare da ya gamu da iskar waje ba. Wane launi ake gani? Ja mai duhu. Masu shuɗin jini na gaske su ne irin su kaguwa da dodon koɗi, domin nasu sinadarin tagulla yake ɗauke da ita maimakon ƙarfe.

4/ To me ya sa ido ke ganin shuɗi? Aikin haske ne da fata. Jan haske yana nutsewa cikin fata da zurfi, ya isa jijiyar, jinin ciki ya shanye wani kaso nasa. Shuɗin haske kuwa ba ya nisa, daga sama-sama yake watsuwa ya dawo. Saboda haka wurin da jijiya ke kwance yana maido da jan haske kaɗan idan aka gwada shi da fatar da ke gefe, ƙwaƙwalwa kuma kwatantawa take yi, sai ta ce shuɗi ne. Masanin kimiyya Alwin Kienle da abokan aikinsa sun auna wannan, suka wallafa sakamakon a 1996, suka nuna cewa zurfin jijiyar da kaurinta suna da hannu a launin da ake gani. Ga wani abin lura kuma: a fata mai duhu sau da yawa ba a ma ganin shuɗin. Wani kore-kore zai gani, wani duhu kawai, wani sai ya shafa da yatsa ya ji tudunta. Ta yaya za mu raɗa wa abu suna da launin da ba nasa ba, wanda ma ba kowa ke ganinsa a jikinsa ba?

5/ Ko da an ce launin jinin ciki ake nufi, sunan zai karye a huhu. Artery da ke tashi daga zuciya zuwa huhu jini mai duhu take ɗauka, vein ɗin da ke dawowa daga huhu kuma su ne masu ja zur. Haka abin yake a igiyar cibiyar ɗan tayi. Likitoci ba da launi suka raba su ba, da alkibla suka raba: ɗaya daga zuciya take fita, ɗaya zuciya take nufa.

6/ Shi ya sa na ce mu ɗauko abin da ke bakinmu tuntuni, kaiwa da komowa. Artery ta zama jijiyar kaiwa, vein ta zama jijiyar komowa. Na guji "jijiyar kai" don kada a ɗauka ta kan mutum ake nufi. Duk wanda ya ji sunayen nan biyu tare ya riga ya san jini kai-komo yake yi, wato abin da likita William Harvey ya tabbatar a Ingila a 1628. Ɗaya daga cikin hujjojinsa kowa zai iya gwadawa: ka danne jijiyar da ta taso a hannunka da yatsa ɗaya, ka sa wani yatsan ka matse jinin zuwa sama, wajen kafaɗa. Wurin zai kwanta, ba zai sake cika ba sai ka ɗaga yatsan farko, domin akwai 'yan marafai a ciki da ke hana jini komawa baya.

7/ Malamai masu Larabci za su ce ga shiryan da warid, sunayen artery da vein a Larabci, me zai hana mu ara? Hujja ce mai ƙarfi, Allah ya ƙara sani. Warid ma tana cikin Suratul Ƙaf, kuma likita Balarabe Ibn al-Nafis ya bayyana bin jini ta huhu tun ƙarni na 13. Ba na ƙin aro. Sai dai wanda bai yi Larabci ba haddace su zai yi, kuma ranar jarrabawa zai iya juya su. Kaiwa da komowa ba sa juyuwa.

Wasu kuma sun fi son "jijiya mai bugu" ga artery. Ya yi kyau a bakin gadon mara lafiya, kuma ana iya barinsa a matsayin laƙabi, amma ba shi da abokin tafiya. Me za a ce wa ɗayar, marar bugu? Ba a raɗa wa abu suna da abin da ba shi da shi.

8/ Mu gwada su a jimla mu ji. "An yanke shi a jijiyar kaiwa, shi ya sa jinin ke tsartuwa." "Ta jijiyar komowa ake sa ƙarin ruwa." "Kitse ya toshe jijiyoyin kaiwa na zuciya." A kunnena sun zauna.

9/ Saura ta uku, capillary, 'yan siraran hanyoyin da suka haɗa biyun, waɗanda jajayen ƙwayoyin jini ke bi ɗaya bayan ɗaya saboda ƙanƙanta. A nan ne oksijin ke sauka, a nan jan jini ke yin duhu. Ni "jijiyar sadarwa" na fi karkata gare ta, don ta bi sahun 'yan uwanta a sunan aiki. Ma'aikatan asibiti da malaman kimiyya, ku da kuke faɗin waɗannan abubuwa kullum, ku gwada ukun a bakinku ku gaya mana wadda ta yi nauyi.