Larabci a jami'a: gida ko waje?

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na gama sakandare, takardar NBAIS (hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci) na hannuna, Larabci nake son karantawa. Baba ya ce Bayero, ni kuwa zuciyata tana Jami'ar Azhar ta Alƙahira. A ba ni shawara don Allah.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Fara duba kiredit ɗinka na Turanci, don ko Larabci za ka karanta sai ka rubuta shi a JAMB. Bayero, Danfodiyo ta Sakkwato, Maiduguri, duk suna da malaman nahawu da balaga da ba za ka raina ba.

Maman Hafsa: Malam, nahawu kam akwai shi, bakin ne babu. Muna iya yi wa baiti i'irabi, wato feɗe nahawunsa, tiryan-tiryan, amma a ce ka yi hira ta minti biyar sai gumi. A aji uku da aka tura mu Ƙauyen Larabci na Ngala, lokacin rikici ya sa yana Maiduguri, nan harshena ya saki. Ƙanena, in ka je waje kada ka kama abota da 'yan garinku, Hausa za ku yi ta yi har ku dawo.

Abu Yasir: Ni Alƙahira na yi. Ranar farko na ce wa mai burodi "uridu khubzan" (ina son burodi), ya kalle ni ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga mai karanta labarai a rediyo! Su "aish" suke cewa. Fusha, Larabcin littafi, tana aji da kan mumbari, ammiyya, Larabcin yau da kullum, ita ce a kasuwa da cikin mota, dole ka koyi biyun. Kuma Azhar sai ta gwada ka, wasu sukan shafe shekara ko fiye a ma'ahadi, makarantar share fage, kafin su shiga kwaleji. Ka sa wannan cikin lissafin kuɗin Baba.

Ɗan Maraɗi: Kun manta da Jami'ar Musulunci ta Say a nan Nijar, tun 1986 take. Mota za ka hau, ba jirgi ba.

Auwalu: Sudan fa?

Malam Bashir: Tun yaƙin Afrilun 2023 ɗalibanmu suka baro Khartum, ajiye wannan tukuna. Ni dai ra'ayina ka yi digirin farko a gida, na biyu ka fita.

Auwalu: Na gode. Yaya Abu Yasir, zan biyo ka ta bayan fage kan maganar ma'ahadin.