Kwamfutata ta cika: in kwashe hotuna zuwa faifan ajiya na waje in goge na ciki?

Mai hoto daga Tawa

Assalamu alaikum, yayyena da malamaina. Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo a wuraren buki da suna a nan garin Tawa, kuma shekara uku ke nan duk aikin da na yi yana cikin kwamfutar hannu guda ɗaya mai ɗaukar jiga 256. Yanzu ta cika maƙil, har ta kai idan na dawo daga buki sai na zauna ina zaɓen abin da zan goge kafin sabon aiki ya sami wuri. Wannan kuwa yana damuna ƙwarai, domin sau da yawa uwar amarya takan dawo bayan shekara tana neman hoton da ya ɓace mata. Wani abokina ya ce in sayi faifan ajiya na waje, wanda masu gyara ke kira diski dur, in kwashe tsofaffin ayyuka a kai, in share su daga kwamfutar. Ƙanena zai tafi Yamai mako mai zuwa, ina so in ba shi sautu. Wane iri ya kamata ya sayo, kuma zan iya sakin jiki da shi a wannan zafi da ƙurar tamu?

Mai gyaran kwamfuta daga Yamai

Wa alaikumus salam, ƙanena. Faifan nan iri biyu ne. Akwai ƙarami mai inci 2.5 wanda yake shan wuta ta wayar USB daga jikin kwamfuta, akwai kuma babba mai inci 3.5 wanda dole sai an jona shi da lantarki daban. Ƙaramin nake ba ka shawara, domin idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar kwafa, batirin kwamfutarka zai ci gaba da riƙe shi, alhali babban zai tsaya nan take, kuma tsayawa a tsakiyar rubutu ita ce ke lalata fayiloli.

Ka gaya wa ƙanenka ya nemi mai USB 3.0, wanda galibi cikin bakinsa shuɗi ne, domin a tsohon baki na 2.0 bidiyon buki ɗaya zai iya zaunar da kai lokaci mai tsawo, ga shi faifan kansa yana iya yin fiye da ninki biyu na wannan saurin. Kamfanoni uku ne suka rage a duniya masu ƙera faifai mai juyawa, wato Seagate da Western Digital da Toshiba, don haka ko da wane suna ka gani a kwalin, abin da ke ciki na ɗaya daga cikinsu ne. Idan ka sayi mai tera 1, wato jiga 1000, ka ga kwamfuta ta nuna kusan jiga 931, kada ka zargi mai shago, bambancin lissafi ne: masu ƙerawa suna ƙirgawa da 1000, Windows kuma da 1024.

Abin tsoro shi ne tsohon faifai da aka ciro daga matacciyar kwamfuta aka sa masa sabon gida. Kafin ya biya, ya sa a jona shi a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, za ta nuna sa'o'in da faifan ya yi yana aiki da kuma lafiyarsa. Sabo bai kamata ya nuna dubban sa'o'i ba. Sannan idan ya iso hannunka, ka duba tsarinsa, wato yadda aka shirya shi ya riƙa ajiye fayiloli, tun yana fanko. Tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya haura jiga 4, bidiyonka kuwa zai haura. NTFS ya wadatar idan da Windows kaɗai kake aiki, amma idan kana kai aiki wurin mai Mac, kwamfutar kamfanin Apple, exFAT ne dukansu biyu suke karantawa su rubuta.

Malamar makaranta daga Yamai

Malam ya yi bayanin saye yadda ya kamata, Allah ya saka masa da alheri. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne shawarar abokinka, ƙanena, ta cewa ka kwashe ka share. Kada ka yi haka, ina roƙonka. Wanda ya kwashe geronsa daga wannan rumbu zuwa wancan bai mayar da shi biyu ba, rumbu kawai ya sauya, kuma wannan sabon rumbun shi ne kake sawa a jaka kana hawa babur da shi.

A kaina abin ya faru. Na yi shekaru ina naɗar muryoyin tsofaffin mata na danginmu suna tatsuniya da waƙoƙin daka, na tara su a faifai ɗaya bayan na share su daga kwamfuta don in sami wuri. Wata rana yana aiki a kan tebur, yaro ya ja wayar, ya faɗo ƙasa. Da na sake jona shi sai ƙara kawai yake yi, ƙas-ƙas, kwamfuta ba ta ganinsa. Mai gyara ya bayyana mini cewa a ciki akwai faranti da yake juyawa sau 5400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karatu da yake shawagi a samansa da tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma faɗuwar ta sa ya karce farantin. Biyu daga cikin matan nan sun riga mu gidan gaskiya, ba inda zan sake samun muryarsu. Hoton suna da na ɗaurin aure haka yake, ranar ba ta dawowa, kuma amanar mutane ce a hannunka.

Masu wannan harka suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Ko ba ka kai uku ba, kada ka yarda wani aiki ya zauna a wuri ɗaya tak.

Mai hoto daga Tawa

Yaya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, kuma na gode da kika ba ni labarin nan duk da ciwon da ke cikinsa. Gaskiya ban taɓa kallon abin ta wannan fuska ba. To, Malam, kuɗin da na tanada na mai tera 2 ne guda ɗaya. Na kuma ji ana maganar wani iri da ake kira SSD wanda ba ya tsoron faɗuwa, ko shi zan nema?

Mai gyaran kwamfuta daga Yamai

Malama ta faɗi abin da ya kamata in fara da shi. Ƙanena, da mai tera 2 guda ɗaya, gara masu tera 1 guda biyu, ko da za ka ɗan yi ciko, ko ka sayi ɗaya yanzu ka dakata da sharewa har na biyun ya samu. Tera 1 ya kusa ninka abin da kwamfutarka ke ɗauka sau huɗu, zai kai ka nesa. Ɗaya ya zama na aiki, ɗayan kuma ka riƙa sabunta shi bayan kowane buki, ka cire shi, ka kai gidan mahaifiyarka ko wani ɗan'uwa, domin ɓarawo ko gobara ba sa zaɓe, kuma ƙwayar cutar da ta shiga kwamfuta tana iya bin duk faifan da ke jone da ita. Hotunan da suka fi muhimmanci kuma ka ɗora su a Google Drive, wanda yake ba da jiga 15 kyauta.

SSD ba shi da abin da yake juyawa, don haka ya fi jure girgizar hanya, ya kuma fi sauri, amma ya fi tsada sosai a kan kowane tera, kuma shi ma yana mutuwa, wani lokaci ba tare da wata alama ba. Idan hali ya samu nan gaba, shi ya dace da jakar fita aiki.

Batun zafin da ka tambaya kuwa gaskiya ne. Takardar da ke zuwa da wasu daga cikin ƙananan nan ta ƙayyade aiki tsakanin digiri 5 zuwa 35, kai kuwa ka san yadda Afrilu da Mayu suke haura 40 a yankinku na Adar. A bazara ka bar babban kwafi sai dare ko sassafe, ka aza shi a kan tebur ba a kan katifa ba, kada ka bar shi a akwatin babur da ke tsaye a rana. Da hunturu ka ajiye shi cikin jakarsa saboda ƙura kada ta cika bakin USB. Kullum ka umarci kwamfuta ta sake shi kafin ka zare waya. Ranar da ka ji ya fara ƙara ko yana ɓacewa yana dawowa, kada ka bari kowa ya buɗe shi ko ya sake masa tsari, ka fara kwafe abin da ke ciki tukuna, ka soma da ayyukan da ba su da kwafi a ɗayan.