Ina kuɗin suka tafi?

Baba Ilu, Birni:
Salamu alaikum. Ga tambaya cikin waƙa, mai amsa ya riƙe amsa-amon "wa".

Ran 2 ga Afrilun 2025,
Trump na Amurka ya ɗora wa kayan ƙetare haraji babu sassautawa.
Kwana biyu, hannun jari a Niyok
Ya zubar da kashi 10, har da ɗoriyar faɗuwa.
Masu jari a kamfanonin fasaha Apple da Nvidia duk sun ruɗe,
Kowa na kiran dillali: "Sayar, ban da tsayawa!"
Ku faɗa mini, 'ya'yana, ina kuɗin suka tafi?
Ƙasa ce ta haɗiye, ko iska ta yi ɗaukewa?

Hajiya Zainabu, Zango:
Baba, ba su mutu ba, rumfa suka sake,
Na san halinsu a Kasuwar Dole tun ina budurwa.
Da aka rufe iyakar Najeriya a 2023,
Mai atamfa na hamma, mai hatsi na aunawa.
Can ma tsoro ya kore su daga kamfanonin waya,
Suka fake gun masu sabulu, abinci da ruwa.
Zinariya ta taɓa dalar Amurka 3,500 kan oza,
Ita ce rumbun attajiri in ya ji ƙanshin yunwa.

Musa ɗalibi:
Inna, a gafarce ni, ba duka suka ƙaura ba,
Wasu a takarda suke, farashi ne ke narkewa.
Ran 9 ga wata aka ɗage harajin kwana 90,
A wuni guda hannun jari kashi 9 da rabi ya yi dawowa.
Sin kaɗai aka bari da harajin kashi 145 a wuya,
Ta rama da 125, ba ta yarda da durƙusawa.
Ran 12 ga Mayu, bayan zaman Amurka da Sin a Janiba, aka sauko kashi 30 da 10,
Sai garke ya juya, kamfanonin fasaha yake nufa da gaggawa.

Baba Ilu:
Madalla, ɗana. Ni ƙaramin mai jari ke cin raina,
Wanda ya sayar ran 8 yana kuka da makyarkyatawa.
Kamar manomin Magariya ne da kaka,
Ya kai wake kasuwa don bashi na matsawa,
Da bazara ya ga tiyar nan ta yi tsada,
A hannun wanda ke da ƙarfin jira da ajiyewa.

Hajiya Zainabu:
Wallahi, Baba, ka taɓo inda ke yi mini ciwo,
Na taɓa karyar da kaya, washegari suka yi hawa.
Jarina ba ya Niyok, ba ya Abijan,
 

Amma kwanukan Sin nake saye ina sayarwa.
In manyan nan suka sake ja-in-ja,
Musa, ka buga mini kafin in yi odar Kano mai zuwa.