Wa ya taɓa ɗaga bindigar awon zafi sama? Ku zo mu haɗa abin da muka gani

Mai Gyaran Firiji, Mabera:
Assalamu alaikum. Bindigar awon zafi da nake duba firiji da ita, mai kaiwa digiri 50 ƙasa da sifili, na ɗaga ta sama da dare cikin hunturu, ba gajimare ko ɗaya. Ta nuna 31 ƙasa da sifili. Na auna bangon gida, 19 sama da sifili. Firizar da nake gyarawa ba ta kai sanyin nan ba. Wa ya gwada?

Hajiyar Kemis, Gawon Nama:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni tawa ta goshi ce, irin wadda muka saya lokacin korona a 2020. Ina ɗaga ta sai ta rubuta Lo, shi ke nan.

Malamin Kimiyya, Arkilla:
Hajiya, taki lafiyarta lau, an yi ta ne don zafin jiki kawai, Lo ɗin na nufin sanyin ya wuce abin da take iya aunawa. Malam, taka ma gaskiya ta faɗa. Ba iska take aunawa ba, hasken zafi take kamawa wanda ido ba ya gani, jan ɗigon hasken da take fitarwa kuma don saiti ne kurum. Tururin ruwan da ke cikin iska shi ke maido da yawancin hasken nan ƙasa. Da hunturu iskarmu ta bushe ƙarau, sai na'urar ta leƙa can sama inda sanyi yake. Ni da ɗalibaina mun auna tsakar sama a Janairu, mun sake a Agusta. Ta damina, ko da sarari garau, ta haura sifili. Wani mai bincike a Amurka, Forrest Mims, da abokan aikinsa sun wallafa a 2011 cewa da wannan na'urar ana iya ƙiyasta yawan tururin ruwan da ke sama.

Manomi, Wamakko:
Malam, ashe shi ya sa ruwan da munka bari a faranti tsakar gida ya fi na ƙarƙashin rumfa sanyi da asuba? Yarona ya auna muna, bambancin a fili yake. Daren da gajimare ya rufe kuwa, ɗaki da waje duk zuhwa.

Malamin Kimiyya, Arkilla:
Haka ne, Baba. Na tsakar gida zafinsa na tafiya sama kai tsaye, rumfa kuwa tana maido masa. Gajimare ma aikin rumfar yake yi wa gari duka.

Ɗalibar Danfodiyo:
Ni gajimare na fi bi. Baƙin hadari da ya sauko ƙasa-ƙasa kafin ruwa ya ba ni 21, alhali zafin gari 33 ne. Siraran farare na can ƙololuwa kuwa ƙasa da sifili suke nunawa. Da yake iska na rage kusan digiri 6 da rabi a kowace kilomita idan an yi sama, hadarin nan bai wuce kilomita 2 ba, a ƙiyasi. Abu biyu don Allah: kada a saita ta ga rana, tana iya lalacewa. Kuma a miƙe ta tsaye cak, don ina karkatar da ita wajen gefen gari lambar ke hawa, iskar da take ratsawa ta ƙaru.

Mai Gyaran Firiji, Mabera:
Ƙanwata, na shaida. Ranar da hazo ya yi kauri har rana ta zama fara, tawa ba ta sauka kamar daren farko ba, ƙurar ma tana da nata zafi. Ga shawara: daga Afrilu kowa ya riƙa aunawa bayan sallar isha'i, tsakar sama, nesa da bango da itace, ya rubuto lamba da unguwarsu. Ina son mu ga ko lambar na fara hawa kafin ruwan farko ya sauka.

Manomi, Wamakko:
Ku sa da ni. Na Wamakko zai riƙa zuwa muku in sha Allahu.