Waɗanne jarumai ya kamata Tawa ta riƙa tunawa, kuma ta wace hanya?

Ɗiyar Adar:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Tun lokacin da garinmu ya karɓi bikin ranar jamhuriyar Nijar ta 18 ga Disamban 2017, wanda aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola, an samu sababbin tituna da gine-gine, amma har yau ina ganin yaranmu sun fi sanin sunayen 'yan kokawa a kan sunayen waɗanda suka ba da rayukansu domin kare wannan yanki. Idan aka ce Tawa ta keɓe rana guda ta tuna jarumanta, su wa za a sa a gaba, kuma me ya dace a yi ranar ban da fareti da jawabai?

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ba sai an tafi nesa ba. Ranar 6 ga Oktoban 2016 'yan bindiga suka afka wa Tazalit, cikin gundumar Tasara ta jiharmu, inda aka tsugunar da 'yan gudun hijirar Mali, suka kashe jami'an tsaro 22, waɗanda akasarinsu askarawan tsaron ƙasa ne, sauran kuwa jandarmomi da sojoji. Baƙin da suka fake a ƙasarmu suke gadi sa'ad da ajali ya riske su. An yi zaman makoki, an sauko da tuta, daga nan magana ta lafa. Haka aka yi bayan harin Inates a jihar Tilaberi, inda aka rasa sojoji 71 a Disamban 2019, da na Shinagodar, inda aka rasa 89 wata guda bayan haka. Abin da nake so shi ne a zana sunan kowane mamaci ɗan jihar nan a bango, tare da sunan garinsu, domin mahaifiyar da ta zo daga ƙauye ta sa jikanta ya karanta mata sunan ɗanta. Sa'an nan a tambayi matan da aka bari da marayu ko haƙƙinsu yana isowa, domin wannan ya fi fareti nauyi a wurina.

Malamin Tarihi:
Baba, Allah ya saka da alheri, na yarda da batun sunaye. Sai dai ina roƙon kada a fara lissafi daga 1961, shekarar da aka kafa rundunar sojan Nijar, kamar kafin nan babu maza a ƙasar. A 1899 ayarin Faransawa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa. Kowa ya san Sarauniya Mangu da ta tare su a Lugu, kusa da Dogon Dutsi, cikin watan Afrilu, amma kaɗan ne suke ambaton abin da ya sami Birnin Ƙonni a watan da ya biyo baya, lokacin da aka auka wa garin aka yi wa mutanensa kisan gilla. Ƙonni tamu ce, kuma maharban da suka fuskanci bindiga da kwari da baka sun cancanci a tuna da su ko da sunayensu sun ɓace. Inda za a yi taka-tsantsan shi ne yaƙe-yaƙen da kakanninmu suka yi tsakaninsu. Agabba, wanda ya zo daga Agadas ya ci Adar da yaƙi, jarumi ne a gidan sarautar Illela, alhali zuriyar waɗanda ya rinjaya suna iya ba da labarin da wata fuska dabam.

Hajiya Mai Lura:
Malam, wannan gargaɗi naka yana kan hanya, shi ya sa nake ganin a tsaya kan waɗanda suka tare maharan waje, na da da na yanzu. A Yamai an sauya sunan titin Charles de Gaulle zuwa na Djibo Bakary, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin kan Nijar, a 2024, kuma ma'aikatar magajin garin Tawa tana da ikon yin irin wannan da titunanta. Amma allon titi ba ya koyar da yaro komai idan ba a ba shi labarin ba. A kai tsofaffin sojoji makarantu su yi magana da bakinsu, a kuma naɗi muryoyin dattawan Ƙonni da makaɗan da suka haddace kirarin mazan jiya, a sa a gidajen rediyo da Hausa da Tamajik, tun masu labarin suna raye.

Ɗiyar Adar:
Na gode ƙwarai. Baba, idan matasa suka so tattara sunayen mamatan Tazalit 'yan jihar nan, daga barikin soja ya kamata su fara ko daga wajen iyalai?